Nazarin Lamari: Amfilifaya Mai Bawul Huɗu da Aka Haɗa a Fagge

Asalin aikin: Oktoba 2023

Mai aikin dattijo ne, mai gyaran rediyo da kayan sauti a Fagge. Ya shiga sana'ar tun ana kawo rediyo mai bawul gyara jefi-jefi, kafin taransista ta share fagen. Yanzu abin da ya fi shigowa shagonsa amfilifayoyin masallatai ne da na masu kiɗan biki, sai inbata da fankoki masu caji. Yana da yaro ɗaya da ke koyon aiki a hannunsa.

A watan Oktoba 2023 wani matashi mai kaɗa gitar bes, da ke aiki a wani situdiyo a Zoo Road yana kuma bin bukukuwa, ya kawo masa gawar wata tsohuwar amfilifaya da ya saya a hannun 'yan gwangwan. Irin wadda ake haɗawa da lasifikar taro ce a da. Akwatinta ya ci tsatsa, amma taransifomominta biyu suna da rai: ta wuta mai karɓar bolt 230, da ta fitar da sauti. A kanta akwai manyan bawul biyu samfurin EL34 da ƙanana biyu samfurin ECC83.

Bawul kwalbar gilashi ce da aka zuƙe iskarta. A ciki akwai katod wanda hita ke gasawa, da faranti mai ɗauke da babbar wuta, da raga a tsakaninsu. Wutar da aka ɗora wa ragar, wadda take ƙasa da sifili, ita ke ƙayyade yawan abin da zai bi ta cikin bawul ɗin, kuma saita ta shi ne masu gyara ke kira bayas. Manyan biyun suna aiki a tsarin tura-ja: ɗaya na riƙe da rabin igiyar sauti, ɗaya na riƙe da ɗaya rabin, su haɗu a taransifomar sauti. Hitar EL34 tana cin amfiya 1.5 a bolt 6.3, farantinsa kuma ba ya jure zafin da ya wuce wat 25.

Dattijon ya zubar da tsofaffin kafasitoci, ya sa sababbin dayod, ya goge soket. Duk kunnawar farko yakan bi da wutar ta cikin ƙwan fitila mai filamen na wat 100, don in akwai shot ƙwan ya haska maimakon taransifoma ta ƙone. Irin ƙwan nan ya yi wuya a kasuwa tun da na LED suka cika gari, shi ya sa yake ɓoye nasa a cikin safa.

Da ta tashi, ga abin da mita ta nuna: bolt 450 a faranti, bayas bolt 37 ƙasa da sifili. A madadin lasifika ya yanki wayar murhun lantarki daidai om 8 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta) ya naɗe ta a jikin bulo, ya saka sautin gwaji daga waya, ya yi ta ƙara murya har kan igiyar ya fara yankewa a tsohon osiloskof ɗinsa, na'urar da ke zana igiyar sauti a kan allo. Bolt 19 ya samu, wato wat 45.

A situdiyo wannan ya isa. A wurin biki, inda ake gasa da ganguna da fiyano, da zarar matashin ya ɗaga murya sai sautin ya farfashe. Ya dawo da ita shago.

"Baba, a ƙara mata bawul biyu mana. Na Turawa ai huɗu suke sawa."

Bai yi ƙarya ba. Tun 1965 kamfanin Marshall a Ingila yake yin amfilifaya mai wat 100 da bawul huɗu, biyu a kowane ɓangare, kuma a 1969 Ampeg a Amurka ya fito da SVT mai bawul shida da wat 300 musamman don masu bes. Dattijon ya karɓi aikin.

Nuwamba 2023: ƙarin soket biyu

An yi odar EL34 biyu ta hannun wani ɗan kasuwa a Sabon Gari. Bawul sabo a yau daga masana'antu kaɗan yake fitowa, a Sulobakiya da Rasha da Chaina, saboda haka sababbin ba 'yan gida ɗaya ba ne da tsofaffin da ke kan na'urar.

Ya huda ramuka biyu kusa da na da, ya kafa soket, ya haɗa kowane sabo da abokinsa ƙafa da ƙafa: ta 3 da ta 3, wato faranti, ta 4 da ta 4, raga ta biyu, ta 5 da ta 5, ragar sauti, ta 8 da ta 8, katod, hita kuma a ta 2 da ta 7. Kowane ɓangare ya zama tsoho ɗaya, sabo ɗaya. Taransifomomin bai taɓa su ba.

Sakamakon bai yi daɗi ba. Hita ta sauko daga bolt 6.3 zuwa 5.6, domin abin da ake ja a layin ya tashi daga amfiya 3.6 zuwa 6.6. Kafin rabin awa taransifomar wuta ta yi zafin da ba a iya ɗora mata hannu, shagon ya fara warin fentin waya. Ƙarfin sauti kuwa da ƙyar ya motsa: bolt 20.5 a kan om 8, wat 52 ke nan.

Dalilin yana cikin taransifomar sauti. An naɗa ta ne don bawul biyu, yadda lasifika mai om 8 za ta bayyana musu a matsayin om 3,400. Bawul huɗu suna iya tura ninkin abin da biyu ke turawa, amma sai in nauyin da ke gabansu ya ragu rabi, ya koma wajen om 1,700. In an bar shi a 3,400, bolt ne ke ƙarewa kafin su yi amfani da ƙarfinsu.

Akwai dabarar da ba ta cin kuɗi, kuma ya gwada ta. In aka jona om 4 a mafitar om 8, abin da bawul ke gani yana raguwa rabi. Ya mayar da wayar murhun om 4, ya auna: bolt 17.5, wat 76. Ƙarfi ya zo. Sai dai wayar cikin taransifomar siririya ce da aka yi don rabin wannan aiki, kuma in abin da ke bi ta waya ya ninka, zafinta sau huɗu yake ƙaruwa. Bes ya fito sosai, sautin sama ya dushe, taransifomomin biyu suka ɗau zafi tare. Ya kashe.

Disamba 2023: wurin mai naɗin koyil

Sabuwar taransifomar sauti mai wat 100 ba abin da ake shiga kanti a ɗauka ba ne a Kano. Ko su Marshall, 'yan farkon da suka yi masu wat 100 taransifomar sauti biyu suka jera a ciki. Dattijon ya tafi wurin wani tsohon abokin hulɗarsa mai naɗin koyil, wanda aikinsa na kullum fanka ne da injin ruwa da sitabilaiza.

Ta wuta ba ta ba da wahala ba. An ɗauki ƙarfen wata babbar sitabilaiza da ta mutu aka naɗa: bolt 330 don babbar wuta, bolt 6.3 da waya mai kauri da za ta ɗauki amfiya 8, sai ƙaramin naɗi na bolt 55 don bayas.

Ta sautin ce ta ci lokaci. Lissafin da aka ba mai naɗin shi ne zagaye 1,600 a ciki, a fitar da waya a tsakiya bayan 800, sannan zagaye 110 a waje, wato kusan 14.5 bisa 1. Shi kuma ya naɗa ta yadda ya saba: ya gama na ciki duka, ya shimfiɗa takarda, ya ɗora na waje. Adadin zagaye daidai ne. An gwada ta hanyar sa bolt 6.3 a ɓangaren lasifika, ɗaya ɓangaren ya nuna wajen bolt 92, kamar yadda lissafi ya ce. Amma da aka jona ta, sautin ya fito kamar an rufe lasifikar da bargo. Ga shi kuma rabin naɗin da ke can ciki ya fi na waje gajerun zagaye, don haka ɓangarorin biyu ba su yi daidai ba a mita.

Taransifomar wuta Hz 50 kaɗai ta sani duk rayuwarta, wato kaɗawa 50 a daƙiƙa. Ta sauti kuwa dole ta ɗauki tun daga Hz 41, wanda shi ne kirtani mafi kauri na gitar bes mai huɗu, har zuwa dubbai. In naɗin biyu suna nesa da juna, wani ɓangare na maganaɗisun yana zurarewa bai kai ga naɗi na biyu ba, kuma sautin sama ne ke fara tafiya.

"Malam, a warware. Gida-gida za a yi ta."

"Alhaji, ni fa ban taɓa naɗa koyil haka ba."

An warware. Aka raba naɗin ciki gida huɗu, na lasifika gida uku, aka riƙa sa wannan a ɗora wancan, da takarda mai kauri a tsakani saboda wutar da ke wurin tana iya kai ninkin bolt 450 in ana kiɗa. An haɗa gidajen ciki a gicciye, na can ƙasa da na can sama a ɓangare ɗaya, na tsakiya biyu a ɗaya ɓangaren, don tsawon waya ya zo kusan ɗaya. Ƙarafunan an saka su ɗaya ta nan ɗaya ta can, aka tsoma ta a fenti, aka bar ta ta bushe a iskar hunturu.

Janairu 2024: ƙarar da kunne ba ya ji

Kunnawar farko da sababbin taransifomomi ihu ta yi. Wannan ƙaramar matsala ce: wayoyin faranti biyu sun juye, sai layin da ke mayar da ɗan sauti baya don gyara ya koma ƙara wa wuta fetur. Aka musanya su, ihun ya tsaya.

Ta biyun ba ta yi ihu ba. Bes yana fita, amma da ɗan ƙaiƙayi a gefensa, kuma bawul suna zafi fiye da yadda ya kamata ko babu kiɗa. Yaron shagon ne ya fara lura da wani abu. Akwai ƙaramar rediyo da ke kunne kullum a kan kanta, kuma duk lokacin da amfilifayar ta yi ɗumi sai tashar ta cika da shuu.

"Oga, in ka kashe wannan, rediyon tana washewa."

Dattijon ya ɗauki sandar roba ya ɗan ture wayar da ta haɗa ƙafa ta 5 da ta 5. Allurar mita ta motsa. Da ya ɗora osiloskof a mafita, layin da ya kamata ya kwanta siriri ya yi kauri kamar igiya. Na'urar tana kaɗawa ita kaɗai a can sama da inda kunne ke kaiwa, ta zama ƙaramar tashar watsa shiri.

Wannan ciwo ne da aka san haɗin bawul biyu da shi. EL34 bawul ne mai saurin amsawa: bolt 1 a raga na iya motsa wajen miliamfiya (mA) 11 a faranti. In an haɗa biyu wannan ya ninka, kuma guntuwar wayar da ke tsakaninsu, tare da ɗan ƙarfin riƙe caji da ke cikin kowane bawul, sun isa su yi da'irar da za ta riƙa kaɗawa.

Maganin farko da ya gwada shi ne resista ɗaya ta om 5,600 a kowane ɓangare, kafin wayar ta rabu zuwa bawul biyun. Shuu ɗin ya ragu bai tafi ba, domin hanyar da ke tsakanin bawul da ɗan'uwansa tana nan a buɗe, resistar tana waje da ita. Sai ya ba kowane bawul tasa, ya yanke ƙafarta gajere, ya liƙa ta da dalma a jikin ƙafa ta 5 kanta, ba ko rabin inci na waya a tsakani. Raga ta biyu ma kowacce ta samu resistarta ta om 1,000 mai wat 5. Ya janye wayoyin faranti zuwa gefe ɗaya na akwatin, na raga zuwa ɗaya gefen, ya murɗe wayoyin hita biyu-biyu ya kwantar da su a kusurwa.

Rediyon ta washe, layin osiloskof ya koma siriri. Ya saita bayas da bolum ɗin saiti guda ɗaya da na'urar ta zo da shi, yana auna jimillar abin da bawul huɗun ke ja a layi ɗaya. Ya tsaya a mA 150, bisa lissafin cewa kowanne zai samu 37 da rabi. Wani ɗan gurnani ya rage a lasifika, ya ɗauka daga wutar gari ne.

Fabrairu 2024: ja a wurin biki

Watan Sha'aban ya kama, bukukuwa sun yi yawa kafin azumi, matashin ya matsa aka ba shi. An yi amfani da ita a wani ɗakin taro da janareta. Bayan kamar awa ɗaya mai ganga ya hango ta bayan akwatin cewa kwalba ɗaya ba kamar sauran take ba. Ba jan hitar da aka saba gani a tsakiya ba ne; farantin kansa ne ya yi jajir daga gefe. Kafin a kai hannu fis ya tashi, aka ƙarasa bikin da amfilifayar haya.

A shago dattijon ya canza fis, ya cire katod huɗun daga layin da suka taru, ya sa wa kowanne resistar om 1 zuwa ƙasa. Da wannan, duk milibolt ɗaya da mita ta gani a kanta mA ɗaya ne ke wucewa. Ya mayar da bawul huɗun yadda suke, ya kunna na ɗan lokaci, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sabo na hagu 58. Tsoho na hagu 29. Sabo na dama 41. Tsoho na dama 22. Jimilla 150, daidai abin da ya saita.

Kamar mutum huɗu ne suka ɗauki gado a matattakala: nauyin gadon bai canza ba, amma wanda ke ƙasa shi ke shan wuya. Sabon na hagu, in an cire wajen mA 5 da raga ta biyu ke ɗauka, yana ƙona kusan wat 24 a zaune ba kiɗa, alhali iyakarsa 25. Da aka je aka auna janaretan da aka yi bikin da shi, bolt 250 yake bayarwa. A wannan wuta faranti yana komawa wajen bolt 490, abin da bawul ke ja ya ƙaru, zafin ya haura wat 29. Bawul kuma in ya yi zafi fiye da kima ragarsa kan fara zubar da wuta, bayas ya ragu, ya ƙara ja, ya ƙara zafi, har sai wani abu ya tsinke.

Awon ya kuma bayyana gurnanin nan. Hagu yana jan 87, dama 63. Tsarin tura-ja yana kashe gurnanin wuta ne in ɓangarorin biyu sun yi daidai. Bambancin mA 24 ya bar shi ya fito, ya kuma riƙa jan ƙarfen taransifomar gefe ɗaya, abin da ke ɓata bes in an ɗaga murya.

Bawul ɗin da ya yi ja bai sake zama wuri ɗaya ba, awonsa sai hawa yake. Aka ajiye shi, aka yi odar wani.

Maris 2024: hanyoyi biyu

Azumi ya kama, kiɗan biki ya tsaya, aka samu sarari.

Hanya ta farko ita ce a bar kowane bawul ya saita kansa. An cire bayas na waje, aka sa wa kowane katod resistar om 470 da kafasita a gefenta, irin tsarin da kamfanin bawul na Mullard ya yi amfani da shi a zanen amfilifayarsa mai suna 5-20. In bawul ya so ja da yawa, wutar da ke kan resistarsa sai ta tashi ta danne shi. Awo ya zo kusa da juna ba tare da an murɗa komai ba. Amma huɗun duka sun koma zama sama da mA 60, kusa da iyakarsu, resistocin suna ƙara nasu zafin a ƙarƙashin akwati, ƙarfin kuma ya tsaya a bolt 23, wat 66. Ga bazara tana ƙofa. Ya warware.

Hanya ta biyu ta fi cin aiki. Ya koma bayas na waje, amma da ƙananan bolum huɗu na saiti, irin waɗanda ake murɗawa da sukudireba, kowane bawul da nasa. Wannan na nufin kowace raga sai ta samu kafasitar shigar sautinta da resistar om 220,000 tata, in ba haka ba bayas ɗin zai gauraye. Ya kuma ɗaura wata babbar resista daga tsakiyar kowane bolum zuwa layin bayas, don ko ƙura ta sa harshen bolum ya ɗaga, bawul ya mutu shiru maimakon ya ruga da gudu.

Nan wata ta ɓullo. Ƙaramin bawul ECC83 da ke raba sauti gida biyu yanzu yana tura resista biyu a kowane ɓangare, nauyin ya koma om 110,000, kuma ana bukatar ya kaɗa ragogin har wajen bolt 37. A osiloskof shi ya fara yankewa kafin manyan su kai ƙarshe. Aka maye gurbinsa da ECC81, wanda ƙafafunsa da cin hitarsa iri ɗaya ne amma ya fi jure nauyi, aka rage resistocin farantinsa zuwa om 47,000.

Saitin an yi shi da wuta a bolt 230 daidai, bayan an bar na'urar ta yi ɗumi na minti 20. Abin da masu wannan aiki suka saba shi ne kada bawul ya wuce kashi 70 cikin 100 na iyakarsa a zaune, wato wat 17.5. Dattijon bai kai nan ba. Ya tsayar da kowanne a mA 35, wajen wat 14, da lissafin cewa ranar da wuta ta hau 250 ne zai taɓa kashi 70 ɗin. Murɗa ɗaya yana ɗan motsa sauran, don haka sai da aka zagaya su ana komawa har suka zauna. Tsofaffin biyu sun bukaci bayas mai sauƙi, sababbin mai tsanani, bambancin ya kai bolt kaɗan.

Gurnani ya tafi. Awo a kan om 8: bolt 27, wat 91.

Yaron ba a bar shi ya sa hannu a ciki ba sai an sauke cajin kafasitoci ta resista an kuma auna an ga sifili. Bolt 450 na kisa, kuma yana iya zama a kafasita bayan an zare waya daga bango.

Afrilu zuwa Agusta 2024

Zafin Afrilu a Kano kan haura digiri 40. Hitoci kaɗai suna fitar da sama da wat 40, faranti huɗu a zaune wajen 60, ga ramukan sababbin bawul an huda su a matse. Aka huda bayan akwatin aka sa fankar kwamfuta mai bolt 12, ana ba ta wajen 8 daga layin hita ta dayod, tana juyawa a hankali ba ƙara. Manyan kafasitoci an matsar da su nesa da gilashi, aka sa masu jure digiri 105.

Wuta in ta sauka zuwa 190 hita tana komawa 5.2, sautin ya yi laushi. An haɗa wa matashin sitabilaiza mai VA 1,000, aka kafa ƙaramar mita a fuskar akwatin, da sharaɗin in ta wuce 245 ya kashe. An kuma fito da wuraren awo huɗu a baya, yadda za a duba ba sai an buɗe ba.

Awon ƙarshen Mayu: 35, 36, 34, 37. Ba a taɓa komai ba.

A Agusta fis ya sake tashi. Bawul lafiya suke. Ɗaya daga tsofaffin soket ne ya yi baƙin layi tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, inda hita da faranti ke maƙwabtaka. Ƙurar da fanka ta tara ta sha laimar damina, wuta ta samu hanya, kuma da zarar roba ta ƙone ta zama gawayi gogewa ba ta magani. An canza soket huɗun zuwa na tangaran, aka sa wa bakin fankar ƙyallen tacewa. Awo bayan gyara: 35, 35, 34, 36.

Hukunci

Gazawar Nuwamba ta lissafi ce, kuma ana iya ganin ta a takarda kafin a kunna ƙarfen liƙi: hita ta ninka, babbar wuta ta ninka, nauyin da bawul ke gani dole ya ragu rabi. Wanda zai ƙara bawul biyu, taransifoma biyu zai fara saya. Matsalar Janairu ta shimfiɗar waya ce, maganinta 'yan resistoci masu arha, muddin kowane bawul ya samu nasa a jikin ƙafarsa.

Ta Fabrairu ce ta fi tsada, kuma ita ce ba ta nuna kanta ba. Mita ta faɗi gaskiya da ta ce 150. Raba wannan lamba huɗu ne zato. Resistar om 1 guda huɗu da an sa tun ranar farko da sun nuna 58 kafin a bar shago.

Bolum huɗu sun fi dacewa da nan fiye da sayen bawul huɗu da aka tantance tun daga masana'anta. Waɗancan suna da kyau, amma in ɗaya ya mutu sai a sake odar huɗu, ga jira ga canjin dala. Sai dai bolum yana daidaita abin da bawul ke ja a zaune ne kawai. In kiɗa ya yi ƙarfi sababbin suna ɗaukar fiye da rabonsu, shi ya sa aka tsaya a 91 ba a kai 100 ba. Saita su ƙasa da abin da aka saba shi ma daidai ne ga na'urar da rabin rayuwarta a kan janaretan haya take.

Ko aikin ya biya? Daga wat 45 zuwa 91 ƙarin desibel 3 ne a ma'aunin ƙarar sauti. Kunne yana jin sa, amma ba ya jin sa a matsayin ninki. Don murya ta yi kamar ta ninka sai ƙarfi ya ƙaru wajen sau goma. Da matashin ya ƙara akwatin lasifika na biyu, ko ya nemi lasifika mai saurin amsawa, da ya samu kusan wannan ƙarin da ƙaramin kuɗi, bawul biyu kuma suna zamansu lafiya. Abin da ya samu a zahiri shi ne bes da ba ya farfashewa a inda yake farfashewa da, a cikin akwatin da yanzu sai mutum biyu ke ɗora shi a adaidaita sahu. Shi ya ce abin da yake nema ke nan.

Tsofaffin bawul biyun sun kusa kai ƙarshen bolum ɗinsu, alamar katod ɗinsu ya fara gajiya. In suka sauka ƙasa da mA 30 ba su ɗagu ba, za a canza su ɗaya-ɗaya, a saita kowanne a 35.